'Ya'yan Bayan Yaƙi: Tsokaci Kan Ƙagaggun Labaran Hausa na 1978 Zuwa 1995

Gabatarwa

Manazarta adabin Hausa sun saba karkasa tarihin ƙagaggun labarai bisa gasa da hukumomin ɗab'i. Akan fara da gasar 1933 wadda Rupert East ya shirya, a gangaro zamanin hukumar NORLA a shekarun 1950, a zo kan gasar kamfanin NNPC wadda ta haifar da littattafan 1980, da ta Sashen Al'adu na Gwamnatin Tarayya wadda ta haifar da na 1982, sannan a rufe da abin da aka laƙaba wa suna Adabin Kasuwar Kano. Wannan rabe-rabe yana da amfani ga ɗalibi mai shirin jarrabawa, amma tambaya ɗaya tak yake amsawa, wato wa ya buga littafin. Ba ya gaya mana irin duniyar da ta reni wanda ya rubuta shi, balle wanda ya saya ya karanta.

A wannan maƙala muna so mu bi wata hanya dabam. Za mu ɗauki tsara guda, wato mutanen da aka haifa daga tsakiyar shekarun 1950 zuwa tsakiyar shekarun 1960. Suna yara aka yi yaƙin basasa. Suna samari da 'yan mata kuɗin man fetur ya malalo. Suna shirin kafa gida tattalin arziki ya karye. Daga cikinsu, da 'yan waɗanda suka girme su kaɗan, aka sami marubutan 1982 waɗanda muke girmamawa a azuzuwanmu, daga cikinsu kuma aka sami marubutan soyayya waɗanda aka daɗe ana yi wa kallon hadarin kaji. Abin da muke son nunawa shi ne waɗannan rukunoni biyu labari ɗaya suke bayarwa, kuma babban tauraron labarin kuɗi ne: yadda ya zo bagatatan bayan yaƙi, da yadda ya tafi ya bar mutane da buri.

Yaƙin da waƙa ta ɗauka, zube ya ajiye

Yaƙi ba baƙo ba ne a ƙagaggen labarin Hausa. Cikin littattafan da gasar 1933 ta haifar akwai Ganɗoki na Bello Kagara, wanda tauraronsa mayaƙi ne da ya kara da Turawa a farkon ƙarni na 20. Abin lura a nan shi ne Ganɗoki dattijo ne mai ba da labarin abin da ya wuce. An ci su da yaƙi, amma mai labarin bai rasa mutuncinsa ba. Ya san wanda ya yi wa yaƙi, ya san dalili, kuma da ya komo gida daga yawonsa na ƙasashen gabas da duniyar aljannu, sai ya tarar sabon tsari ya zauna, shi ma ya sami gurbi a ciki. Haka kuma bayan Yaƙin Duniya na Biyu, da sojojin ƙasar nan suka komo daga Bama, Sa'adu Zungur ya tarbe su da waƙar Maraba da Soja. A duka biyun, mayaƙi mutum ne da jama'a ta san inda za ta ajiye shi.

Yaƙin basasa, wanda aka soma a watan Yuli na 1967 aka gama a watan Janairu na 1970, shi ma bai rasa mawaƙa ba. Mamman Shata da takwarorinsa sun yi wa soja kiɗa, Aƙilu Aliyu da wasu marubuta waƙoƙi sun wasa su, gidan rediyon Kaduna kuma ya yaɗa. Graham Furniss ya yi nazarin rubutattun waƙoƙin Hausa na wannan yaƙi a wata maƙala tasa ta 1991. Waƙa ta yi aikin da aka san ta da shi tun zamanin sarakuna, wato zuga da kirari. Sai dai kirari ba ya tambaya. Tambaya aikin zube ce, zube kuwa ya yi shiru.

Mu da muke karatu da koyarwa a wannan sashe na ƙasa mun fi kowa ganin wannan giɓi, domin maƙwabtanmu masu nazarin adabin Ingilishi suna da abin nunawa jingim. Chinua Achebe ya fitar da Girls at War a 1972, Wole Soyinka ya fitar da The Man Died a shekarar, Cyprian Ekwensi ya biyo da Survive the Peace a 1976, Buchi Emecheta da Destination Biafra a 1982, Ken Saro-Wiwa da Sozaboy a 1985, Festus Iyayi da Heroes a 1986, har zuwa kan Chimamanda Adichie wadda ba a ma haife ta ba lokacin yaƙin, amma ta rubuta Half of a Yellow Sun a 2006. Idan ɗalibin Hausa ya waiwaya ya nemi nasa, da ƙyar zai ƙirga yatsun hannu ɗaya. Alhali kuwa babu garin Arewa da bai ba da 'ya'yansa ba.

Dalili na farko a fili yake. Fagen daga yana can Inugu da Anacha da Fatakwal. Yaron Katsina ko Gusau bai kwana a daji yana gudun jirgin sama ba, bai ga ƙannensa sun kumbura don yunwa ba. Abin da ya gani shi ne mota da jirgin ƙasa suna kwasar samari, da labarun rediyo, da wanda ya komo ba ƙafa. Dalili na biyu shi ne wanda ya ci yaƙi ba kasafai yakan zauna ya binciki kansa ba, musamman da yake gwamnatin Janar Gowon ta shelanta cewa babu wanda ya ci, babu wanda aka ci. Dalili na uku ya fi nauyin faɗi. Abin da garuruwan Arewa suka gani da idonsu ya faru ne kafin yaƙin: kisan Sardauna da Tafawa Ɓalewa a juyin mulkin 15 ga Janairu 1966, sannan kashe-kashen da aka yi wa mutanen Gabas a watan Mayu da kuma Satumba da Oktoba na wannan shekara, wanda ya sa dubban ɗaruruwa suka tsere suka bar gidaje da shaguna da ayyuka. Na farkon an yi masa waƙoƙin ta'aziyya ba adadi. Na biyun kuwa, a cikin shahararrun ƙagaggun labaranmu da wuya mutum ya ci karo da wanda ya tsaya a kansa ya dube shi da kyau. A ganinmu wannan bashi ne da yake kan adabinmu, kuma tsarar da muke magana a kai ta girma ne a cikin wannan shirun.

Amma rashin ambaton abu ba ya hana shi aiki. A watan Mayu na 1967 aka rushe Jihar Arewa aka yanka ƙasa zuwa jihohi 12. Cikin 'yan shekaru aka karɓe kotuna da 'yan doka da gidajen yari daga hannun En'e. Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 da dokar mallakar ƙasa ta 1978 suka ƙara rage ikon sarakuna, a 1979 kuma gwamnatocin PRP na Kano da Kaduna suka soke haraji da jangali. Yaron da aka haifa a 1959 ya buɗe ido ya ga ubansa yana faɗuwa gaban dagaci, kafin ya kai shekara ashirin kuwa ya ga dagacin yana jiran ɗan kwangila a bakin ofis. Tsanin girma da aka gada, wanda ya tashi daga uba zuwa mai unguwa zuwa hakimi zuwa sarki, ya soma girgiɗi, ba a kuwa kafa wani a madadinsa ba sai na kaki da na naira.

Mailoma

Littafin da ya fi kowane kusantar yaƙin shi ne Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare, ɗaya daga cikin na 1982, wanda ya rubuta yana matashi ɗan shekara ashirin da 'yan kai. Shi ma ba fagen daga ya kai mu ba, ya nuna mana abin da fagen daga ya amayar ne. Kafin yaƙi sojojin Nijeriya ba su wuce kimanin 10,000 ba, da aka gama sun kai wajen 250,000. An ɗebo manoma da 'yan dako da 'yan tasha, an koya musu harbi cikin 'yan makonni, da aka gama kuma aka rasa yadda za a yi da su. Makamai sun bazu a hannun jama'a. Ba banza ba a 1970 gwamnati ta kafa dokar da ta yanke hukuncin kisa kan fashi da makami, aka shiga harbe 'yan fashi a bainar jama'a, kamar yadda aka yi wa Oyenusi a bakin teku a Legas a 1971. Ɓarawon da Bahaushe ya sani a da mai haure katanga ne da dare, ya ji tari ya gudu. Ɗan fashi mai tare hanya da bindiga da rana tsaka ɗan bayan yaƙi ne.

Daga cikin wannan duniya Gagare ya ƙago Mailoma, Bamaguje wanda ya tara irin waɗannan mutane da yaƙi ya koya wa kisa, zaman lafiya kuma ya rasa gurbin da zai ba su, ya kafa wata irin daula ta makamai da miyagun ƙwayoyi. Idan muka jera shi da Ganɗoki sai bambancin zamunna biyu ya fito sarai. Dukkansu jarumai ne marasa tsoro, dukkansu sun zubar da jini ba iyaka. Amma Ganɗoki yana da sarki, yana da addini, yana da gidan komawa. Mailoma ba ya yi wa kowa yaƙi sai kansa, kuma abin da ya ɗaure mabiyansa da shi tsoro ne da rabon ganima. Jaruntaka tana nan yadda take, abin da ake yi dominta ne ya ɓace.

Ya kamata mu ɗan tsaya kan zaɓen da marubucin ya yi na mai da tauraronsa Bamaguje. Ta fuskar fasaha dabara ce mai kyau, domin ta ba shi damar sa tauraro ya aikata, ya kuma furta, abin da mai karatu na 1982 ba zai lamunta daga bakin wani Malam Audu ko Alhaji Sani ba. Mailoma yana tsaye a wajen masarauta, a wajen masallaci da coci, don haka yana iya yi wa kowa dariya. Amma dabarar tana da farashi. Ta ba mai karatu mafaka, ya ce ai wannan ta'asa ta wasu ce can a bayan dutse, alhali waɗanda suka yi arziki da bindiga da kwangilar yaƙi a birni suke, da manyan riguna. Maguzawa manoma ne da ba su ci ribar yaƙin ba, sai ga shi an ɗora musu kayansa. Ga kuma tsawo da ya yi yawa a wasu wurare, da ƙamshin littattafan James Hadley Chase da finafinan 'yan Mafiya da ke tashi daga shafukansa. Duk da haka muna ganin babu wani ƙagaggen labarin Hausa na wancan lokaci da ya kai shi ƙarfin hali. Shi ne ya fara shigo da Nijeriya ɗungurungum cikin labarin Hausa, da barikinta da otal-otal ɗinta da ƙabilunta, ya bar fada da ƙauyen tatsuniya a baya.

Alhaji

Yaƙi bai daɗe da ƙarewa ba sai kuɗi ya zo. A 1973 aka sauya fam da sule zuwa naira da kwabo, daga ƙarshen shekarar zuwa farkon 1974 kuma farashin ɗanyen mai ya ninka kusan sau huɗu a kasuwar duniya. Rahoton Udoji na 1974 ya jawo ƙarin albashi har da ariyas, ma'aikata suka cika gari da babura da rediyoyi. A daidai wannan lokaci ƙauye yana kuka. Farin 1972 zuwa 1974 ya kashe dabbobi ya ƙone gonaki, cutar gyaɗa ta 1975 ta gama da abin da ya rage, dalar gyaɗa ta Kano ta zama labari. Birni yana ɓarin kuɗi, ƙauye yana ɓarin mutane. Kitsen Rogo na Abdulƙadir Ɗangambo, wanda ya fito a 1978, a kan wannan kwararowa ya ginu, kuma sunansa kaɗai ya isa sharhi. Maganin da ya bayar, wato a koma gona, shi ne wanda gwamnati ma take bayarwa a shirinta na ciyar da ƙasa na 1976, samari kuwa ba su saurari ko ɗaya ba. Wasu daga cikin waɗanda suka kwararo suka rasa madafa su ne aka gani a bayan Maitatsine a 'Yan Awaki a watan Disamba na 1980, rikicin da alƙaluman hukuma suka ce ya ci rayuka 4,177.

Wanda ya fi kama hoton mai cin moriyar zamanin shi ne Sulaiman Ibrahim Katsina a Turmin Danya. Alhaji Gabatari ɗan fasa-ƙwauri ne da ya sayi ma'aikatan hukuma, yake kuma da 'yan baranda masu yi masa aikin da kuɗi ya kasa. Ba daga sama marubucin ya ɗauko shi ba. Duk lokacin da gwamnati ta hana shigo da wani kaya, hanyar Maraɗi zuwa Katsina zuwa Kano takan cika da atamfa da taba, wasu kuma su kwana talakawa su tashi attajirai. Abin da ya fi jan hankalinmu shi ne laƙabin. A tsofaffin littattafai Alhaji mutum ne da ya sha wuyar hanya shekara da shekaru, ya komo da ilimi ko aƙalla da labari. A shekarun mai, lokacin da alhazan Nijeriya suka haura 100,000 a 1977, kalmar ta ɗauki wata ma'ana ta biyu, wato mai kuɗi, ko ta yaya ya same su. Daga Gabatari zuwa gaba, Alhaji ya maye gurbin da sarki da waziri suka riƙe a Magana Jari Ce. Shi ne mai bayarwa, shi ne mai hanawa, kuma kamar yadda za mu gani, shi ne mai auren budurwar.

Mailoma da Gabatari, ɗaya da bindiga ɗaya da cin hanci, darasi ɗaya suka karanta daga zamaninsu, cewa arziki ba ya bin gumi. Marubutan sun hukunta su a ƙarshe kamar yadda al'adar labarin Hausa ta tanada. Amma duk wanda ya karanta zai ga cewa alƙalamin ya fi rai a inda yake zana su suna sheƙe ayarsu fiye da inda yake hukunta su. Mutanen kirki na waɗannan littattafai ba su cika zama a zuciyar mai karatu ba.

Bayan biki

A watan Satumba na 1976 aka buɗe shirin ilimin firamare kyauta ga kowa, wato UPE, yara suka cika azuzuwa fiye da yadda aka shirya. Alkawarin da aka yi wa iyaye a bayyane yake: ka ba da ɗanka ga boko, gwamnati za ta ba shi aiki. Kafin 'yan ajin farko su gama sakandare alkawarin ya warware. Farashin mai ya faɗi, gwamnatin Shagari ta shiga tsuke bakin aljihu a 1982, ta Buhari ta rage ma'aikata a 1984, mutane suka koma bin layin madara da sabulu da shinkafa. A 1986 gwamnatin Babangida ta kawo shirin SAP, aka karya darajar naira. Dalar Amurka da ba ta kai naira ɗaya ba a 1985 ta kai wajen naira 4 a 1987, ta kai wajen naira 22 a farashin hukuma a 1993. Albashi ya zama abin dariya, takardar shaida ta zama abin ajiya a ƙasan akwati.

Wannan karyewa ta taɓa adabi ta hanya biyu, kuma ta farkon ba a cika kula da ita ba. Takarda da tawada da kayan injin ɗab'i daga waje ake sayo yawancinsu. Da naira ta faɗi, manyan kamfanoni suka janye daga buga ƙagaggun labarai, suka tsaya kan littattafan makaranta masu tabbataccen ciniki. Ga dubban sababbin masu karatu da UPE ta yaye, ga matan aure da suka koyi karatu a azuzuwan Hukumar Ilimin Manya ta Jihar Kano wadda gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa a 1980, amma babu mai buga musu abin karantawa. Sai suka buga wa kansu. Daga Rabin Raina na Talatu Wada Ahmed a tsakiyar shekarun 1980, zuwa ƙungiyoyi irin su Raina Kama a Kano, marubuci ya zama shi ne mai bugawa, shi ne mai kai wa 'yan kasuwa. Hatta zubin littattafan jari ne ya tsara shi. Dalilin da ya sa labari yake fitowa kashi na 1 da na 2 da na 3, kowane siriri, kowane kuma ya yanke a daidai inda zuciya ta tsinke, shi ne kuɗin na farko ake jira a buga na biyu. Wanda ya zargi waɗannan marubuta da jan labari, ya fara tambayar nawa ake sayar da bandir ɗin takarda a 1991.

Hanya ta biyu ita ce jigo. An yi ta cewa littattafan soyayya gudun duniya ne, kwaikwayon finafinan Indiya ne, ba su da abin faɗi game da halin da ƙasa take ciki. Tasirin Indiya gaskiya ne, Brian Larkin ya yi bayaninsa a 1997. Amma mu dubi In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, na 1991, wanda yana cikin waɗanda suka fi kowane karɓuwa. Sumayya 'yar masu hali ce, Muhammad talaka ne, Abdulƙadir mai kuɗi ne kuma shi manya suke so, har ta kai Sumayya ta faɗa rijiya. Idan aka cire kalaman soyayya, abin da ya rage lissafi ne. Saurayi yana da hankali da ladabi da ɗan iliminsa, ba shi da abin haɗa lefe. A zamanin da kayan ɗaki da akwatunan lefe suke hawa tare da dala, wanda zai iya aure shi ne wanda ya riga ya tara tun zamanin mai, ko wanda ya san hanyar Gabatari. Ke nan auren dole da ya cika waɗannan littattafai ba tsohuwar al'ada kaɗai yake nunawa ba. Kokawa ce tsakanin tsara biyu, wadda ta ci biki da wadda ta zo bayan an nannaɗe tabarmi, kuma budurwa ce abin da ake kokawar a kai. Samarin da suka yi ta karɓar littafin hannu da hannu sun gane kansu a cikin Muhammad tun kafin manazarta su gane abin da ake faɗi.

Balaraba Ramat Yakubu ta shigo da lissafin har cikin tsakar gida. Tarihinta kansa ya isa misali: gida ɗaya ne ya fitar da Murtala Muhammed, kwamandan runduna ta biyu a yaƙin basasa kuma shugaban ƙasa daga 1975 zuwa 1976, ya kuma fitar da ƙanwarsa da aka cire daga makaranta aka yi wa aure tana ƙarama, sai daga baya ta nemi ilimi a ajin manya. A Wa Zai Auri Jahila? na 1990, Abu yarinya ce da aka raba da makaranta, wanda aka so ta aura ya ƙi ta don ba ta yi boko ba, aka ba da ita ga tsoho mai dukiya, ta gudu ta nemi ilimi ta tsaya da ƙafarta. Boko a nan ya zama sabon ma'aunin daraja a kasuwar aure, kuma waɗanda suka hana ta su ne suka fara auna ta da shi.

Alhaki Kuykuyo Ne, shi ma na 1990, a ganinmu ya fi zurfi. Rabi tana da 'ya'ya tara, mijinta Alhaji Abdu ɗan kasuwa ne mai ƙuntata cefane a gida yana ɓarin kuɗi a waje. Ya auro Delu, ya kori Rabi da 'ya'yanta, ta kama sayar da abinci ta riƙe su. Littafin cike yake da ƙididdigar abin da aka bayar da abin da aka hana, kuɗin cefane, kuɗin makaranta, kayan aure, har mai karatu ya ji kamar littafin bashi yake dubawa. Wannan ita ce SAP kamar yadda mace ta gan ta daga bakin murhu, kuma ba mu san wata takardar masana tattalin arziki da ta fi shi bayyana yadda nauyin gida ya zame daga wuyan maza ya faɗa kan mata a waɗannan shekaru ba. Da gobara ta cinye dukiyar Alhaji Abdu, sai dangi suka taru a kan Rabi ta karɓe shi. Masu karatu da yawa sun ji haushin wannan ƙarshe. Mu kuwa muna ganin a nan marubuciyar ta fi gaskiya, domin ba ta yi wa Rabi alkawarin abin da al'ummarta ba za ta ba ta ba.

Inda muke da ja da waɗannan littattafai wani wuri ne dabam. Sun gano ciwon, amma maganin da suke bayarwa sau da yawa shi ne ciwon kansa. Abin da ya share wa gidan Rabi hawaye shi ne auren 'yarta Saudatu da wani Alhajin, mai kirki a wannan karon. A littattafai da dama na wannan zamani talakan saurayi yakan yi nasara ne idan ya wayi gari shi ma ya yi kuɗi, ta gado ko ta ubangida ko ta wata sa'a. Gobara da haɗarin mota da ciwon ajali su suke yanke hukuncin da ya kamata mutane su yanke. Sulaiman Ibrahim Katsina ya gwada wata hanya a Tura Ta Kai Bango na 1983, inda talakawa suka nemi mafita ta jam'iyya da ƙuri'a, amma a ranar ƙarshe ta wannan shekara soja suka komo, kuma ba a ga masu bin sawunsa da yawa ba. Tsarar da ta ga arziki ya zo ba dalili, ya kuma tafi ba dalili, da wuya ta rubuta labarin da aiki da tsari suke kai mutum ga nasara. Sa'a ta gani tana aiki, sa'a ta rubuta.

A muhawarar da aka yi ta tafkawa a jaridu cikin shekarun 1990, Ibrahim Malumfashi ya tsananta suka, irin su Yusuf Adamu da Abdalla Uba Adamu kuma suka kare marubutan. Masu suka suna da hujja kan rashin tacewa da karya ƙa'idojin rubutu da maimaita jigo, kuma har yanzu hujjar tana nan. Kuskuren shi ne auna littafin da mutum ya buga da kuɗin aljihunsa da ma'aunin wanda hukuma ta tace ta buga, sannan a ɗauka ƙarancin ado ƙarancin ma'ana ne. Da wannan raini ya bar hannun manazarta ya faɗa hannun hukuma, abin da ya biyo baya shi ne ƙona littattafai a bainar jama'a a Kano a 2007. Da yawa daga cikin na farko-farkon, waɗanda aka buga a takarda mai arha ba a kuma kai su ɗakunan karatu ba, yanzu sai an sha wuya kafin a sami kwafi ɗaya.

'Ya'yan wannan tsara su ma sun sami nasu yaƙin, tun daga 2009 a Arewa maso Gabas, daga baya kuma a dazuzzukan Zamfara da Katsina, kuma a wannan karon fagen daga a ƙofar gida yake. Da Sashen Hausa na BBC ya buɗe gasar Hikayata ta mata a 2016, labarin da ya zo na ɗaya shi ne Sansani na Aisha Muhammad Sabitu, a kan 'yan gudun hijira. Shekara bakwai kacal ke nan da soma rikicin, ana kuma tsakiyarsa.